Kambin Aure a Ƙarƙashin Dankali

Kasuwar Lahadi ta Koroni ta cika ta batse, masu kifi na ta kwarara ihu, sai muryar Matula ta danne ta kowa.

"Wayyo Allah, an sace!"

Sajan Argiro ta ajiye kankanar da take ƙwanƙwasawa ta nufi wurin. Ba ta bakin aiki, amma a garinmu wa ya damu da wannan?

Matula na tsaye gaban teburin Drita mai ƙwai, riƙe da akwatin azurfa wayam. A cikinsa ake ajiye kambi biyu na auren iyayenta, waɗanda limamin coci ya ɗora musu a ka, farin zare ya haɗa su. 'Yarta za ta yi aure, shi ne ta ɗauko su don tela ta canja zaren kafin a ɗora wa amarya da ango. Kamar yadda kowa ke yi, ta bar keken cefanenta, da akwatin a ciki, wurin mai teburin da ta saba da ita, ta wuce layin kifi.

"Ashe ɓarauniya nake wa ciniki! Ku 'yan Albaniya, halinku ba ya ɓuya!"

Mutane suka taru. Duk wanda ya san kasuwar nan ya san idan sunan nan ya bi Drita, ba mai sake sayen ƙwanta. Argiro ma ta sani, amma ta biye wa taro. Ta zazzage kwandunan matar a gaban jama'a, ba ta sami komai ba sai ciyawa. Kunya ta kama ta.

"Wa ya matso kusa da keken?" ta tambayi Drita.

"Wata baƙuwar Baturiya mai ɗaukar hoto."

"Sai wa?"

Drita ta sunkuyar da kai. "Ban ga kowa ba."

Aka samo Baturiyar a layin zuma, rana ta gasa ta ta yi jawur. Jakarta tawul ne kawai da man shafawa. Argiro ta ba ta haƙuri, ta dawo ta tsuguna gaban keken.

"Ina kika sa akwatin?" ta tambayi Matula.

"Can ƙasa, ƙarƙashin dankali."

"Ɓauren nan fa? Ke kika rufa masa ganye?"

Matula ta leƙa. "A'a."

"Na wa ne?"

"Na Mama. Kwanan nan ba ta iya cin komai sai shi."

"Wa ya kawo ki kasuwa?"

"Baba. Yana shagon kofi. Me ya kawo maganarsa?"

Suka tarar da mahaifin Matula, Kawu Lefteris, a zaune, kofinsa ya huce bai taɓa ba. Zafin Agusta ake yi, amma ya rufe maɓallan kwat ɗinsa har wuya.

Argiro ta jawo kujera. "Kawu, ɓarawon yau ya ba ni mamaki. Ya bar azurfa, ya ɗauki kambin da aka yi da waya da furen kakin zuma, wanda ba mai saye. Ya mayar da dankali ƙasa, tumatir a kai, ɓaure a sama, ko ɗaya bai fashe ba. Har ganye ya rufa masa kada rana ta taɓa shi. Wannan ɓarawon ya san mai cin ɓauren. Drita kuma ta gan shi, ta gwammace a zage ta da ta faɗi sunansa."

Tsohon ya ture kofinsa gefe. Sannan ya kwance maɓallan, ya fito da kambin biyu daga ƙirjinsa.

"Baba! Kai?"

"Likita ya ja ni gefe, 'yata. Uwarki ba za ta ga sanyin bana ba. Bai gaya mata ba, ni ma ban gaya wa kowa ba. Tun muna yara ta ce da kambinta za a binne ta, kamar uwarta, da zarensa yadda yake. Ke kuma za ki kai a sa masa almakashi."

"Me ya sa ba ka hana ni ba?"

"Da na hana ki, da kin tambayi dalili." Ya juya ga Argiro. "Yarinyar nan mai ƙwai ta gan ni, na sa yatsa a baki. Ina nan zaune ina jin ana ci mata mutunci, na kasa tashi."

Argiro ta yi da-na-sanin kaifin idonta. Ta wanke Drita, amma a shagon kofi Matula ta ji labarin uwarta, a gaban masu karta.

Da suka koma, Drita na tattara kayanta, ko rabin ƙwan ba ta sayar ba. Argiro ta durƙusa tana kwashe ciyawar da ta watsar. Matula ta buɗe baki, kuka ya riga maganar fitowa.

Drita ta turo mata keken a hankali.

"Ki kai wa Mama ɓaurenta," ta ce. "Ba ta son shi da ɗumi."