Yayan Sahrun Ba Ya Ji

Bayan la'asar na sauko daga gidanmu da jaka a kafaɗa, zan je ɗauko igiyar awo da na shimfiɗa a ƙarƙashin ruwa tun safe. Aikina ke nan duk hutu. In baro birnin da nake koyar da kimiyya, in dawo ƙauyenmu da ke kan turaku a cikin teku, in auna dutsen murjanin da ya rage a ƙarƙashin ruwan gaɓar Toroh, in rubuta. A jakar akwai gilashin ninkaya da bututun numfashi da wayata. Ranar kuma na ƙara rabin ɓawon kwakwa, da dafaffiyar shinkafa, da gishiri, da guntun kyandir.

Mbo Janiba, tsohuwar ungozomar ƙauyenmu, tana zaune a ƙarshen gadar katako, tana ɗaure ciyawar teku a igiya. Ita ta karɓi haihuwata, ita ta karɓi ta ƙanena Sahrun. Ita ce kuma ta naɗe mabiyiyar kowannenmu a tabarma da gishiri, ta miƙa wa Baba ya nutsar. A wajenmu mabiyiya ba abin zubarwa ba ce. Yayan mutum ne na ruwa, yana can ƙasa yana tsaronsa.

"Sai yau, 'yar boko?" ta ce, idonta a kan jakar. "Wata goma sha ɗaya yaron nan yana kabari, yayansa bai samu mai gaya masa ba."

"Yau zan gaya masa, Kaka."

"Magana uku ce. Ya rasu, ka yafe, ka huta. Kar ki ƙara ko wasali. Na san bakinki, tun kina zanin goyo ba kya barin ta kwana."

Sahrun mai nutso ne. Da mashi yake kamun kifi, numfashi ɗaya, ya daɗe a ƙasa har ka fara salati. Shi ya koya mini maganar hannu ta masu nutso: ka buɗe tafi, wato bar shi, ka miƙa yatsa, wato ga shi can. Wata safiya yana ƙarƙashin ruwan Toroh aka jefa kwalbar taki mai fashewa daga sama, irin wadda ake kashe kifi da ita. Ya taso tare da kifayen, jini a kunnuwansa biyu.

Kowa ya san mai kwalbar. Ba wanda ya faɗa, domin Darwis mijin 'yar kawunmu ne, kuma rabin ƙauyen daga jirginsa suke ci. Na rubuta wa hukuma sau uku. Suka ce in kawo shaida. Kafin shekara ta zagayo Darwis ya yi wa jirginsa farin fenti, ya koma ɗaukar baƙi masu zuwa ninkaya da kallon kifi. Toroh yake kai su, wurin da yashi yake fari kuma ba hayaniya, yana gaya musu shi ne mai gadin murjani.

Ni ban yarda da wani yaya na ruwa ba. Amma Darwis ya yarda, kuma a kan wannan na ɗora shirina. Zan kunna wayata ta ɗauki magana, in kunna kyandir a gabansa, in kira sunansa. Tsoro ya buɗe masa baki.

"Malama mai ƙidayar duwatsu!" Darwis ya ce da na shiga jirginsa. "Yau nawa suka haifa?"

"Sun ragu, Yaya Darwis."

"Ai ke ce ba kya ba su abinci."

Ya yi dariya shi kaɗai. Jirgin yana warin sabon fenti, amma da na sunkuya na tura jakar ƙarƙashin benci, wayar a kunne, sai na ji tsohon warin a jikin katako. Taki da kananzir.

Muka isa rana ta yi ja. Gaɓar ba kowa, sai itatuwan kwakwa biyu da suka karkato kan ruwa. Ya kashe inji. Na fito da ɓawon, na jera shinkafar da gishirin, na kafa kyandir na kunna. Dariyar ta bar fuskarsa.

"Wannan fa?"

"Saƙon Sahrun. An jinkirta."

"Shi ne ba ki samu wani jirgin ba sai nawa?"

Na ɗora ɓawon a kan ruwa. Na ɗaga murya yadda wayar za ta ɗauka.

"Yayan Sahrun, ƙanenka ya rasu." Na dubi Darwis. "Ga wanda ya jefa kwalbar. Darwis ne."

Ɓawon ya juya sau ɗaya, ya tafi a hankali wajen zurfi. Na jira. Darwis ya tofar da yawu a ruwa.

"Ki iya bakinki, Nurlina," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ɗauko igiyarki mu tafi. Magariba ta kusa."

Shi ke nan. Wata goma sha ɗaya ina shiri, ga abin da na samu. Na sa gilashi, na ciji bututu, na zame cikin ruwan.

Ruwan da ɗumi. Wanda ya saba ya san murjani ba ya shiru, kullum yana tas-tas kamar ana suya a ɗaki na kusa. Na bi igiyar awon daga sama, ina jin numfashina a bututu, shiga, fita. Ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa suna wasa a kan ɓaraguzan da kwalba ta bari.

Sai suyar ta tsaya.

Kifayen suka shige ramuka a lokaci guda.

Da safe na ɗaure ƙarshen igiyar a wani dutse, daidai inda ƙasa take yankewa ta faɗa zurfi. Yanzu ba ta kan dutsen. Ta zarce bakin ramin, ta miƙe ƙasa cikin duhu, a ɗame. Na ja dogon numfashi na nutsa, tsayin mutum biyu, na kama ta.

Tana motsi. Ja, tsayawa. Ja, tsayawa.

Wani yana hawowa.

Hannu na fara gani. Fari, a tattare, irin na wanda ya wuni yana wanki. Sai kai. Sai fuska.

Fuskar Sahrun ce, har da wushiryar. Amma rana ba ta taɓa taɓa wannan fatar ba. Daga cibiyarsa wata doguwar jijiya ta sauka, ta ɓace a ƙasa. Daga kunnuwansa biyu wani baƙin zare yana fita, yana narkewa a ruwa, bai daina ba.

Ya kama wuyan hannuna. Sanyi ya ratsa har haƙorana.

Bakinsa ya motsa. Ba sauti, amma na karanta.

Ina yake?

Sai kuma: Wa?

Na yi ihun sunan. Darwis! Kumfa ta tashi, rabin iskata ta bi ta. Ya karkata kai. Ya kai ɗayan hannun ya taɓa kunnensa, ya girgiza kai a hankali.

Nan na gane. Yana ƙarƙashin Sahrun ranar, inda yake tun ranar haihuwa. Kwalbar da ta kashe ƙanen ta kurmantar da yayan. Bai ji abin da na faɗa a sama ba. Ko magana ukun Mbo Janiba na faɗa daidai, da bai ji ba. Ɓawon kwakwa ya gani, ya zo wajen mai ɓawon.

Riƙon ya ƙaru. Ya fara ja na wajen ramin.

Ƙirjina ya kama wuta. Gefen idona ya yi duhu.

Hannuna na dama yana sake. Alama biyu na sani a maganar hannu, kuma na tabbata shi ma ya san su. In na buɗe tafi zai sake ni, haka jikina ya ba ni, ya koma inda ya fito.

Zan so in ce tsoro ne ya zaɓa mini. Ba tsoro ba ne. Na yi tunani a tsanake, yadda nake yin komai.

Na ɗaga kai. Ga cikin jirgin can sama, fari, yana lilo.

Na miƙa yatsa.

Ya saki hannuna. Ya wuce ni zuwa sama, jijiyar tana binsa, ta goge ni a ƙafa. Na yi ta dukan ruwa, ba wajen jirgi ba, wajen gaɓa. Na fito na shaƙi iska da gishiri tare. Ban waiwaya ba. Ina cikin iyo wani abu ya buga, dum, ba wuta, ba hayaƙi, a ƙashin ƙirji na ji shi. Ruwan ya ɗaga ni ya maka a kan yashi.

Na daɗe ina amai. Da na iya ɗaga kai, jirgin yana nan inda yake. Darwis yana zaune a miƙe, hannuwansa biyu a kan kunnuwa. Kewaye da jirgin kifaye sun taso, cikinsu fari.

Masu dawowa daga kamun kifi ne suka kwashe mu.

Darwis bai mutu ba. Ba ya ji, kuma bai sake magana ba. Gidansa a kan ruwa yake kamar na kowa, sai ya sa aka toshe duk wata kafa ta katakon ɗakinsa da tsumma. Matarsa ta ce kowace safiya tana samun tsumman a jiƙe, an turo su daga ƙasa.

Sai bayan kwana biyu na saurari wayar. Akwai muryata, akwai tofar da yawunsa, sai ruwa yana lasar jirgi. Can sai katako ya yi ƙara, kamar an dafa gefe an hau. Ruwa yana ɗiga. Sai raɗar Darwis.

"Sahrun? Na ga kwalekwalenka. Wallahi na gani. Kifin ne za su wuce, na ce ko ka yi nisa... Ka yafe mini. Don Allah ka yafe. Kana ji na? Kana ji na?"

Sau tara ya tambaya. Na ƙirga.

Ga shaidar da hukuma ta nema. Tana nan a wayar, ban kai wa kowa ba.

Ranar da zan koma birni na je yi wa Mbo Janiba sallama. Ta kama hannuna na dama ta juya shi. Yatsuna huɗu lafiya. Manunin kuwa fari ne, a tattare, da sanyi, kamar yanzu na fito daga ruwa. Har yau haka yake.

"Kin ƙara wasali," ta ce.

"Ba ya ji, Kaka. Ko na faɗa daidai..."

"Shi ya sa. Wanda ba ya ji, ta yaya za ki ce masa ya isa? Kin nuna masa sau ɗaya. Yanzu hannunki yake kallo."

Na koma aji. Ɗalibai arba'in da shida gare ni a bana, kuma na haddace sunan kowa tun makon farko. In zan yi tambaya, suna nake kira. Hannuna na dama yana cikin mayafi, a dunƙule.