Foldar da Auta Ta Goge

Rana ta yi ja, inuwa ta cika ɗaki, sa'ad da Yaya ta bar ƙanwarta Auta gaban tsohuwar sabar, wato kwamfutar ajiyar bayanai, ta tafi alwala. Daga wurin aikinta ta kawo na'urar don yarinyar ta koyi sana'a: baƙin allo, fararen haruffa, sai abin da ka rubuta take yi. Sati biyu tana koya mata shiga folda da fita, da duba wa ke da izinin me. Ranar nan, don ganda, ta ba ta babban mabuɗi, wanda na'ura ba ta yi wa musu.

Auta ta ga wata folda da ba ta da mai ita. Ta rubuta umarnin gogewa, har da harafin da ke hana na'ura tambaya.

Dutsen farko ya faɗo kan rufi kafin a idar da salla. Na biyu a tsakar ɗaki ya faɗo, alhali tagogi a rufe suke. Yaya ta tarar da Auta zaune a sandare, ido ba ƙiftawa.

"Auta?" in ji mahaifiyarsu, a hankali.

"Ba ta nan," in ji muryar wata tsohuwa, daga bakin yarinyar.

Kwana uku ba ci ba sha. Da magaribar rana ta huɗu aka zo da malam mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin ya ce, "Baiwar Allah, me ta yi miki?"

"Shekara tara ina kusurwar na'urar nan, ban taɓa kowa ba. Ta rushe mini gida da 'ya'yana a ciki. Ko sallama babu."

Malam ya dubi Yaya. "Abin da aka goge yana dawowa?"

"Akwai kwafin ajiya, Malam. Kullum da asuba na'urar ke yin sa."

Ta mayar da foldar. Muryar ta shiga ƙirga 'ya'yanta, ta kai shida, ta tsaya.

"Na bakwai fa? Da hantsin ranar na haife shi."

Yaya ta dubi allon. Abin da ya zo bayan asuba ba ya cikin kwafi.

"To, auta a bakin auta," in ji muryar.

"Rai ba naki ba ne," in ji malam, ya ɗaga karatu har jikin yarinyar ya ɗau ɓari.

"Tsaya! Zan fita. Amma kada a kashe na'urar nan har abada. A nan kabarinsa yake."

Malam ya dubi Yaya, ta gyaɗa kai.

Auta ta yi atishawa, ta nemi ruwa. Ta warke sarai. Yaya kuwa ta karɓe mabuɗin, ta kulle foldar. Kullum da magariba takan ji wani siririn kuka cikin ƙarar fankar sabar, kuma ba ta taɓa gaya wa Auta na wane ne ba.