Shekarar da Aka Rubuta a Gaban Sunan Baba

"Na ce a mayar musu da kayansu!"

Mukarrama ta ji maganar har tsakiyar kanta. Tana durƙushe a ƙofar ɗakin mahaifinta, kwanon kunun da ta kawo masa yana hannunta.

"Baba..."

"Goronsu, alawarsu, har ledar da suka zubo su a ciki. Yau ɗin nan, kafin la'asar, a kai musu Makarfi."

Inna Kulu ta fito daga madafi tana salati. "Malam, sati uku fa ya rage a sa rana! Kai da bakinka ka ce ka ba shi. Me yaron nan ya yi maka?"

Malam Inuwa ya zura takalminsa. Hularsa a karkace take, shi da shekara talatin da biyar yana koyarwa ba a taɓa ganin hularsa ta karkace ba. Sai da ya kai bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Ya binne ni da raina," ya ce, ya fice.

Kunun ya zube a kan zanenta, ko zafinsa ba ta ji ba.

Malam Inuwa shi ne hedimastan firamaren ƙauyensu da ke gefen Janfalan, kuma kwana goma ya rage masa ya yi ritaya. Wanda ofishin ilimi na Ikara ya zaɓa ya gaje shi kuwa ba kowa ba ne face Huzaifa, matashin malamin da aka turo daga Makarfi shekara biyu da suka wuce. A ƙofar ofishin Baban suka fara haɗuwa, ran da ta kai masa abincin rana. Huzaifa ya karɓi kwanukan, ya tsaya yana kallonta har miya ta tsiyayo masa a riga. Tun ranar take ce masa Malam Mai Miya, shi kuma ba ya ko musu.

Baba da kansa ya so abin, har yana cewa ya samu ɗa. To me ya faru?

Ta shige ɗaki ta kira Huzaifa a waya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"Hasken idona..."

"Kar ka ce min haka yau! Me ka yi wa Baba?"



"Wallahi alheri na nufa, Mukarrama. Kin san allon katakon nan na ofis, mai sunayen duk waɗanda suka taɓa riƙe makarantar? Kowa da shekarar da ya kama aiki da shekarar da ya bari. Ya tsufa, Baba ma kalanda ya rataye a kansa. Malam Ja'afar ne ya ba ni shawara, wai mu sa mai fenti ya sabunta shi saboda walimar bankwana, a cike wa Baba shekararsa ta barin aiki, zai ji daɗi."

"Kai kuma ka yi?"

"Na yi. Jiya da safe ya shigo ya gani. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ajiye min makullai a tebur ya fita. Ko kallona bai yi ba."

Muryarsa ta karye.

"In na rasa ki ban san ina zan sa kaina ba."

"Ni ma haka," ta ce, hawaye na zuba. Ta kashe wayar kafin ya ji kukanta.

Ja'afar! Ai dole. Shekara tara yana mataimakin Baba, ya gama sa rai da kujerar, sai aka ba yaron da ya zo jiya. Sau biyu kuma yana aiko mata da turare tana mayar masa. Mutumin da ya yi shekara tara a ofishin nan ya san sarai ba don kwanan wata Baba ya rataye kalandar a wurin ba. Shi kuwa Huzaifa, Allah sarki, ilimin takarda ne fal cikinsa, amma ko yaro ya yi masa dariya sai ya ɗauka ƙauna ce.

Ran Asabar ta roƙi maigadi ya buɗe mata ofishin. Ga allon nan yana ƙyalli, warin fenti bai gama fita ba. Sunaye biyar ne a jiki. Ta bi su da yatsa, tana karantawa a hankali. Huɗun sama duk sun rasu. Na huɗun, Malam Yahuza, ta san shi tana ƙarama, tsoho mai farar riga da kullum yake zaune a gindin tsamiyar da ke tsallaken hanya, daidai ƙofar makaranta.

A ƙasansa ga sunan Baba. Wurin da shekara da shekaru yake fili a gaban sunan, yanzu an cike shi da farin fenti, tsaf, irin na sauran.

Ta fita da sauri kamar an biyo ta.

Aka yi walima babu Malam Inuwa. Ranar ritaya ta zo ta wuce yana kwance, fuskarsa a bango. Tuwo ya dawo yadda aka kai shi. Rediyon da ba ya rabuwa da shi ya yi ƙura a kan taga. Mutumin da muryarsa kaɗai ke tsayar da yara ɗari uku a layi, yanzu sai Inna ta sunkuya kafin ta ji me yake cewa.

Ana haka sai ga yayan Ja'afar da ƙwaryar goro, wai sun ji an fasa da na Makarfi. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya dai ce a ajiye. Mukarrama ta ga goron a zaure, ta ruga wurin Inna.

"Inna, wallahi ba zan iya ba..."

"Yi shiru. Ubanki ba ya cikin hayyacinsa. Ba ke yake gani ba, ba Huzaifa yake gani ba. Wani abu yake gani da mu ba ma gani."

A sati na biyu ya fara fita. Da ya dawo daga masallaci sai ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya soka biro biyu a aljihu, ja da shuɗi, yadda ya saba. Bakwai da kwata ya fice. Ba ya dawowa sai an tashi makaranta.

Ran Talata ta zura hijabi ta bi shi daga nesa. Ya ratsa ta bayan gonakin masara, ya zagaye, kamar mai gudun a gan shi. Da ta fito fili sai ta tsaya cak.

Farar riga a gindin tsamiya.

Na ɗan lokaci ta rantse Malam Yahuza ne. Zaman iri ɗaya, a kan saiwa ɗaya, hannu biyu a kan gwiwa, ido a kan ƙofar makaranta. Sai da ya yi tari ta gane mahaifinta.

Ta ƙarasa ta durƙusa. "Baba, barka da hantsi."

Bai yi mamaki ba. "Uwata, kin biyo ni."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, kuma rabon da ya kira ta haka tun ranar da ya ce a mayar da goron Makarfi. Idonta ya cika.

A tsallake aka buga ƙarfen shiga aji. Hannunsa na dama ya motsa da kansa ya duba agogo.

"Sun makara da minti huɗu," ya ce. Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kin ji ni ko? Haka yake cewa. Haka Malam Yahuza yake cewa."

"Baba, don Allah ka gaya min. Fenti ne fa kawai."

Ya mayar da idonsa kan ƙofar makarantar.

"Shi ya koya min riƙe alli. Da ya yi ritaya aka ba ni kujerarsa, sai ya dawo nan yana zama. Kullum. In na fito ya ɗaga min hannu, ni kuma in ɗaga masa daga can, in ce aiki ya yi min yawa. Shekara biyu, Uwata. Taku nawa ne daga ƙofar can zuwa nan? Ban taɓa tsallakowa ba."

Ya ci gaba.

"Sai ya fara tare malamai yana yi musu gyara, yana tambayar yara me aka koya musu. Na ji haushi. Ban iya zuwa da kaina ba, na aiki maigadi ya ce masa hedimasta ya ce ya daina zama a nan, yana raba hankalin yara."

"Ya daina?"

"Ya ce a gaya min ya ji, ya gode. Bai sake zuwa ba. Kwana arba'in da ɗaya aka yi jana'izarsa. Ba ciwon komai."

Hawaye ya gangaro cikin furfurar gemunsa. Mukarrama ba ta taɓa ganin haka ba, ta rasa inda za ta sa idonta.

"Tun ranar nake ganinsa a nan in na leƙo ta taga. Shi ya sa na rufe allon. Yanzu ga ni a wurinsa. Ban san komai ba sai makarantar can, ko noma ban iya kamar mutane ba. In gari ya waye ban san me zan yi da kaina ba. Kuma na san saƙona yana nan tafe, abin da na aika shi za a aiko min. In bare ne ya aiko, zan haɗiye. Amma mijinki? Ki dafa masa abinci da rana, alhali da safe ya kori ubanki?"

"Huzaifa ba zai yi ba!"

"Ni ma ai na ɗauka ba zan yi ba."

Da la'asar ta kira Huzaifa. Sirrin Baba ne, ba ta da ikon faɗa, ta ƙudura ba za ta faɗa ba.

"Ina ganinsa kullum ta taga," ya ce, murya a dushe. "Tsoro nake ji, rabin raina. In na je zai ce na zo yi masa dariya. Malam Ja'afar ya ce hanya mafi mutunci ita ce in aiki maigadi a asirce ya lallashe shi ya koma gida ya huta..."

Ta katse shi.

"Huzaifa."

Ba ta taɓa kiran sunansa kai tsaye ba. 

"Mutumin da ya sa ka yi fenti, shi za ka sake saurara? In ka aiki wani wurin Baba, ko da gaisuwa ce, ka manta ka taɓa sanina. Ƙafa gare ka."

"In ya kore ni fa?"

"Ka koma jibi."

Washegari ta raka Baba, bai hana ta ba. Suka zauna. Aka buga ƙarfe, yara suka shige. Can sai ga maigadi ya fito ya wangale ƙofar makaranta.

Baba ya kama hannunta. Yatsunsa sanyi ƙalau.

"Ga shi nan," ya ce a hankali. "Saƙon ya iso."

Amma maigadin gefe ya matsa. Huzaifa ne ya fito, ɗauke da kujerar hedimasta a ka, babbar nan mai hannu, ga rajista a hammata tana neman zamewa. Ya tsaya wani ɗan acaɓa ya wuce, sannan ya tsallako. Malamai sun yi cirko-cirko a baranda, Ja'afar a cikinsu.

Ya sauke kujerar a inuwa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa.

"Baba, ina kwana. An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

Baba ya ci gaba da kallon hanya.

"Na yi laifi, ban san girmansa ba. Ka yafe min. Ko ba ka ba ni Mukarrama ba, ka yafe min." Ya buɗe rajistar. "Kuma ba don ita kaɗai na zo ba. Tun da aka fara tsinkar barkono yara talatin da bakwai suka ɗauke ƙafa. Na bi gidaje, iyayen sai su ba ni ruwa su ce Allah ya kai mu gobe. Ban san su ba, Baba. Sunaye kawai nake da su a takarda. Ban iya ba."

Malam Inuwa bai dubi kujerar ba. Hanyar yake kallo, daga ƙofar makaranta zuwa inda takalman yaron suke.

"Taku nawa ne?" ya tambaya.

"Na'am, Baba?"

"Daga can zuwa nan."

"Ban... ban ƙirga ba."

"Sittin da biyu ne. Shekara goma sha shida ina ƙirga su ta taga."

Ya share fuskarsa da hannun riga. Ya miƙa hannu, Huzaifa ya ɗora masa rajistar. Ya zaro jan biro, ya bi sunan farko da shi.

"Zubaida Ɗan'azumi. Wannan ba ubanta za ka nema ba, kakarta ce mai magana a gidan. Gobe ka biyo min mu je tare." Ya ɗago. "Fentin kuma ka bar shi, gaskiya aka rubuta. Mayar da kujerar nan, taka ce. In za ka zo, benci ya ishe mu."

"To, Baba."

"Uwata, je ki ce wa innarki a mayar wa su Ja'afar goronsu da ke zaure. Kai kuma ka ce wa manyanka ina jiransu ran Juma'a."

Mukarrama ta rufe fuska da hijabi, kuka da dariya suka haɗe mata. Ta cikin yatsunta ta hango Malam Mai Miya ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Ta miƙe za ta tafi, sai ta ga Baba ya juya yana kallon saiwar da ke gefensa, inda babu kowa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗan sunkuyar da kai, irin na ɗalibi a gaban malaminsa.

"Malam," ya ce ƙasa-ƙasa, "ka ga wanda ya fi ni."