Ɗaki na Tara

Dogo bai yi boko ba, shi ya sa ya damƙe takardar da ƙanwarsa Auta ta rubuta masa lambar ɗakinta na makaranta. Da safe aka kira shi, wai jikinta ya tsananta, ya zo ya kai ta gida.

Sai bayan magariba motarsu ta iso garin. Ɗalibai sun tafi hutu, shaguna duk a rufe, gine-ginen kuma kamarsu ɗaya. Sau uku yana zagayawa yana dawowa gindin wani famfo mai ɗiga.

A karo na huɗu ya tarar da wata yarinya a wurin, ta juya masa baya, ƙafarta ba takalmi.

"Baiwar Allah, taimaka ki karanta mini wannan."

Ta miƙo hannu ta baya ta karɓa. Yatsunta sanyi ƙalau. Ko duba takardar ba ta yi ba.

"Ɗaki na tara ne," in ji ta. "Amma tun la'asar aka fitar da ni."

Famfon ya daina ɗiga. Dogo ya nemi ɗaga ƙafa, ta ƙi.

Sai ta yi 'yar dariyar nan da ya sani tun tana goye.

"Kai dai Yaya Dogo, kullum sai ka makara."