Kakan Ladina

"Ba zan bi ka birnin Zurich ba, Curdin!"

Ladina ta kawar da kai don kada ya ga idonta ya ciko. Suna tsaye bakin famfon tsakiyar ƙauye, tsaunuka sun yi musu zobe.

"Haba abar ƙaunata... me ya rage a nan? An rufe makaranta, mai burodi ya kwashe kayansa. Shanu ma sun fi mutane yawa!"

"Kakana ya rage."

Curdin ya san kakan nata, tsoho Duri, shi ne ya rene ta, tun shekarar da ƙanƙara ta gangaro daga tsauni ta binne iyayenta a hanya.

Da ta koma gida ta tarar da tsohon yana yanka cuku, taga a wangale.

"Kin kori ɗan mutane ko?"

"Kaka! Laɓe ka yi mana?"

"Wane laɓe? Duk kwarin nan ya ji muryarki. Zauna nan."

Ta zauna tana murza yatsu.

"Ni da kike gadi, a nan aka haife ni? Daga bayan tsaunin can na tsallako saboda kakarki, na bar uwata tana kuka. Je ki maƙabartar coci ki duba, rabinsu baƙi ne da so ya kawo. Don yau so zai fita da mutum ɗaya, sai gari ya mutu?"

"To wa zai hura maka wuta in sanyi ya shigo?"

"Barbla maƙwabciyarmu mana. Ta daɗe tana neman hanya, ke kika tare ƙofa!"

Dariya ta ƙwace mata, kuka ya biyo baya. Ta kifa kai a kafaɗarsa.

"Ina tsoron in dawo ban same ka ba..."

"Ni ma ina tsoro, 'yar lelena," ya ce a hankali. "Amma na fi tsoron ki tsufa a gefena."

An ɗaura auren Ladina da Curdin lokacin da shanu suka sauko daga tsauni, duk ƙauyen bai cika cocin ba. Ranar tafiya Kaka ya ƙi rakiya, wai gwiwa ta matsa masa.

Sai da motar ta sha kwana Ladina ta waiga. Ga Kaka can bakin gada, ya ɗaga hularsa sama, iska na kaɗa furfurarsa. Curdin ya damƙe hannunta. Ba ta juyo ba har dutse ya shiga tsakaninta da tsohon.