Akwatin Hotunan Jalo

Ranar da Bara'atu ta fara shiga shagon hoton Jalo, cikin damunar 2008, ta same shi ya tasa kwamfuta gaba ya yi tagumi.

Jalo ɗan Chinade ne, shekararsa biyu da buɗe shago a Azare. Ya sayo wani ɗan baƙin akwati daga Kano, wanda ake jona wa kwamfutoci da waya su riƙa ajiye hotuna a cikinsa. Tsohuwar kwamfutarsa na ganin akwatin, sabuwar ta ƙi. Hotunan biki uku na jiran gyara, amare sai aike suke. Festus mai kafen intanet ne ya ce masa Bara'atu 'yar Alhaji Umara ta gama difloma a fannin kwamfuta a Bauchi, ita za ta iya.

Da ta yi sallama, Jalo ya miƙe ya wangale ƙofofin shagon duka biyu, ya ba ta kujerarsa, shi ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Layi ɗaya aka ce in gyara a umarnin akwatin," in ji shi. "Na buɗe, na kasa rubutu, na kasa fita."

Ta dubi baƙin allon ta yi murmushi. "Ba laifinka ba ne, Malam. Manhajar rubutun da ke ciki, vi, sai wanda ya haddace ta."

Kafin ya ƙifta ido ta gyara layin, hotuna suka bayyana a sabuwar kwamfutar. Jalo ya rasa me zai kalla, allon ko yatsunta.

"Amma in ka sayi ta uku fa?" ta ce. "Bari in sa maka mai sauƙi, sunanta nano. Ka riƙa yi da kanka."

Washegari ta sauko da ita a kafe, ta kawo a filashi. Akwatin ya ƙi karɓa, wai ba irin tasa ba ce. Ta kwafe lambar da ke jikinsa ta koma. A rana ta uku ta kawo wadda ta dace da shi, ta shigar da umarni, rubutu ya yi ta gudu, sannan ya tsaya.

"Zo ka zauna. Dubi ƙasan allo. Ga na ajiyewa, ga na fita, duk a rubuce."

Ya zauna ya gwada. Ya ajiye, ya fita. Dariyar da ya yi har sai da mai shayin tsallake ya waiwayo.

Da la'asar saƙonsa ya shigo wayarta: "Malamata, yau na shiga na fita sau goma. Wuri ɗaya ne na shiga ban ga hanyar fita ba, kuma ba na nema."

Ta amsa: "Ɗalibina, ka dai riƙe karatunka."

Wata biyu suna haka, sai Sha'aban ya ji. Ɗan ƙanwar Alhaji ne, ma'aikacin sakatariya, ya daɗe yana son ta, ya kuma sha faɗa cewa ranar da ta shiga gidansa ta gama da kwamfuta. Ya kai wa Alhaji labari cewa tana wuni a shagon wani mai hoto. Alhaji ya karɓe wayarta, ya hana ta fita.

Jalo ya ji shiru kwana goma, ya kuma ji a gari cewa an ba Sha'aban ita. Ya ɗauka zaɓinta ne. Ya rubuta: "Malamata, in kin zaɓa, Allah Ya sanya alheri, ba zan ƙara damun ki ba. Roƙona ɗaya, kada ki bar ilminki ya mutu. Irinki ba su da yawa."

Alhaji ne ya karanta.

Bayan kwana biyu wani dattijo ya shigo shagon, wai hoton fasfo yake so. Jalo bai san shi ba. Yana cikin gyara hoton, dattijon ya nuna akwatin da sandarsa.

"Wa ya haɗa maka wannan?"

"Wata baiwar Allah, Alhaji. Kwana uku tana fama. Da ta so, da ta bar ni ina neman ta kullum, amma sai ta koya min in tsaya da ƙafata. Ko ruwan shagon nan ba ta sha ba. Duk wanda ya haife ta ya yi tarbiyya."

"To, ni na haife ta."

Linzamin kwamfutar ya suɓuce daga hannun Jalo. Ya durƙusa.

Alhaji ya koma gida ya kira Bara'atu, ya miƙa mata wayarta, ta karanta saƙon Jalo, sannan ya tambaye ta. "Wa kike so?" Ta sunkuyar da kai, hawaye na zuba, ta ce, "Baba, wanda ya ce kada in bari."

Shi da kansa ya je ya ba ƙanwarsa haƙuri, ya aika Chinade cewa Bappan Jalo ya fito neman auren.

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure. Ranar walima wani mai hoto aka ɗauko daga Dambam, ango kuwa ya kasa haƙuri, sai gyara masa tsayuwa yake, har Bara'atu ta ja hannun rigarsa.

"Ɗalibina, yau kai ake ɗauka. Tsaya."

Ya tsaya. Alhaji Umara ya dafa kawunansu ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku riƙa ganin girman juna har tsufa."

Jama'a suka amsa da amin.