Jakar Kawu Katung

Abin ya faru ranar Asabar, 14 ga Mayu, 2011, da ƙarfe biyu na rana, a wani gida a garin Manassas, can ƙasar waje.

A gidan akwai wata yarinya 'yar shekara tara da ƙanenta Dung. Kakarsu Edna ta yi shekara talatin tana koyarwa a Jos kafin ta dawo wurinsu. Ita ta koya wa yarinyar cewa ba a barin babba da kaya a hannu.

Ran nan Kawu Katung, abokin babansu mai aikin gadi, ya zo gaisuwa. Yarinyar ta ruga ta karɓi jakarsa.

"Yauwa, 'yar albarka," in ji shi. "Kai ɗaki. Tsarabarku na ciki."

Dung ya bi ta har ɗaki. "Buɗe mana! Ai ya ce tamu ce."

Ta buɗe. Ga alewa, ga wata baƙar bindiga ƙarama a ƙarƙashi. Ta zaci ta wasa ce aka kawo wa Dung. Ta ɗauka, ta ji nauyi. Duk da haka ta ja kunamar.

Ƙara ta cika gidan. Dung ya faɗi yana riƙe da ƙafa.

Kwanansa tara a asibiti. Likita ya ce zai yi tafiya, amma da ɗingishi. 'Yan sanda suka tafi da bindigar.

Kawu Katung kuwa ya riƙa gaya wa mutanen coci, "Yarinyar nan rawar kai gare ta. Wa ya aike ta?" Yara suka daina zama kusa da ita. Ta daina cin abinci sosai.

Wata safiya Kaka ta zaunar da ita.

"Gaya mini kuskurenki."

"Na buɗe jakar da ba tawa ba," ta ce tana kuka. "Na taɓa bindiga."

"Gobe in kin ga bindiga fa?"

"Ko ta yi kama da ta wasa, ba zan taɓa ba. Zan fita, in kira babba."

"Daidai. Wannan shi ne naki. Sauran ba naki ba ne."

Dung ya ɗingiso, ya miƙa mata rabin burodinsa. Ta karɓa, ta ci.

Da yamma Kawu Katung ya zo wurin Kaka da ledar lemo.

"Mama, a yi haƙuri. Tsautsayi ne. Na cire harsasan tun a wurin aiki."

"Ka duba cikinta bayan ka cire?"

Ya ajiye ledar lemon a gabanta.

"Ɗaya ya rage, Katung. Ɗaya. Wa ya haɗa bindiga da alewa a jaka guda? Wa ya miƙa wa yarinya?"

"Ni ne, Mama. A rufa mini asiri."

"Ita wa ya rufa mata? Ɗauki lemonka. Jikata ta faɗi laifinta da bakinta, shekararta tara. A gaban mutane ka ɓata mata suna. Ranar Lahadi, bayan sanarwa, ka miƙe a gaban coci. Ka faɗi abin da ka sa a jakar. Ka juyo, ka dube ta, ka ba ta haƙuri da murya mai ƙarfi, yadda na kujerar baya ma zai ji."